Daga Fas zuwa Azru: yadda ɗan kasuwa zai tsara kwana uku a dazukan duwatsun Maroko

Kwanan baya, a cikin shirin da nake gabatarwa a gidan radiyo, wata Hajiya mai saida jallabiya da takalma a kasuwar Maraɗi ta bugo waya da wata tambaya. Ta ce sau huɗu ke nan tana zuwa Maroko saro kaya, amma in ban da filin jirgi, da shagunan Darb Umar na Kazablanka, da zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas, ba ta san komai ba a ƙasar. Kowane zuwa sai ta yi kwana uku ko huɗu a ɗakin otel tana jiran maɗinka su gama mata aiki, kuɗin ɗaki na tafiya, ita kuwa tana zaune tana kallon bango. Tambayarta ita ce: shin akwai inda mutum zai je a waɗannan kwanaki, ya buɗe ido, ba tare da ya taɓa jarinsa ba?

Akwai, Hajiya, kuma ba nisa. Kudu da Fas, tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya da rabi ba a mota, akwai duwatsun da ake kira Atlas na Tsakiya, masu dazuka da ƙananan garuruwa. Na taɓa bin hanyar, kuma abin da na koyo shi ne, ba a tsara wannan tafiya da son rai. Abu uku ke tsara ta: ranar kasuwa, watan da ake ciki, da hasken rana. Wanda ya saba cin kasuwannin ƙauye a ƙasar Gobir ko Adar ya riga ya san rabin karatun.

Wane irin daji ne?

Kada mai karatu ya ɗauka irin dajin Baban Rafi ne. Itatuwan can miƙaƙƙu ne, ganyensu siriri kamar allura, kuma ba sa kaɗewa rani da damina. Akwai wanda Larabawa ke kira sanaubar, dangin farin katakon nan mai ƙamshin ƙaro da ake harhaɗa akwatunan kaya da shi. Akwai kuma babban yayansa da suke kira arz, Faransawa su ce sedar, wanda tsawonsa kan kai mita 40, ya kuma rayu ɗaruruwan shekaru. Da katakonsa aka yi rufi da ƙofofin tsofaffin makarantu da masallatan Fas, domin ƙwari ba sa son ƙamshinsa. A shekarar 2004 gwamnatin Maroko ta kafa gandun dajin Ifran don kare shi, a 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa dazukan arz na Atlas cikin wuraren da duniya ke kulawa da su.

A fara da ranar Talata

Babbar kasuwar yankin ita ce ta garin Azru, kuma ranar Talata take ci. Saboda haka daga Talata ake ƙirga tafiya, a koma baya. Wanda kayansa ke Kazablanka sai ya hau jirgin ƙasa ranar Lahadi, wajen awa huɗu ya iso Fas, ya yi ziyararsa ya kwana. Litinin da hantsi a kama hanyar dutse.

Zango na farko shi ne Imuzar Kandar, wajen kilomita 40 daga Fas, garin gonakin tufa. A watannin Satumba da Oktoba za ku tarar da akwatunan tufa jere a bakin kwalta, da araha. Daga nan hanya ta ci gaba da hawa, itatuwa na ƙara yawa, har a iso Ifran bayan kilomita 25. Akwai wani tabki a tsakani mai suna Dayat Awwa da direbobi ke son kai baƙi, amma ya sha ƙafewa a shekarun fari na baya-bayan nan, don haka a tambaya ko da ruwa kafin a biya kuɗin ratse.

Ifran gari ne da Faransawa suka gina a 1929 domin su riƙa gudun zafin bazara. Rufin gidajensa jajaye ne masu tsini, don ƙanƙara ta riƙa zamewa ƙasa. Akwai mutum-mutumin zaki na dutse a tsakiyar gari inda kowa ke ɗaukar hoto, da jami'ar Al'akhawaini da aka buɗe a 1995. Gari ne mai tsabta ƙwarai, amma mai tsada. Shawarata, a ci abincin rana a nan, a zaga, sannan kafin la'asar sakaliya a gangara Azru, kilomita 17 kacal, inda masauki ya fi sauƙi, kuma da safe kasuwa tana bakin ƙofa.

Sunan Azru a harshen mutanen wurin yana nufin dutse, kuma dutsen yana nan tsaye a tsakiyar gari. Mutanen Amazig ne, harshensu ɗan uwan Tamajak ne. Ƴan Tawa da Agadas za su yi mamakin ganin rubutun Tifinag a allunan ofisoshin gwamnati, domin tun 2011 tsarin mulkin Maroko ya mai da harshen na hukuma tare da Larabci.

Abin da kasuwar Azru ke da shi

A je da sassafe, domin kafin azahar an fara kwashe kaya. Makiyaya na saukowa daga duwatsu da tumaki da ulu, mata na kawo dardumar da suka saƙa da hannu, ga zuma, ga kwanoni da cokula da ƙananan akwatuna na katakon arz. Darduma ita ce abin da ya fi jan idon baƙo, ita ce kuma inda ake cutar wanda bai sani ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a nemi izinin mai kaya, a ciro ɗan zare a kusanta shi da ashana. Ulu na gaske ƙaurin gashi yake yi ya zama toka, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. A juya bayan dardumar kuma. Aikin hannu ƙulle-ƙullensa ba sa zama daidai wa daida kamar na inji.

Kafin a yi ciniki a tuna abu biyu. Dirhami ɗaya ya kai wajen dala 12, wato sefa 60, ke nan dirhami 100 ya tasam ma jikka shida. Na biyu, dardumar ulu tana da nauyi, kuma kowane kilo da ya haura ƙa'ida a filin jirgi kuɗi ne. Darduma mai araha a Azru tana iya zama mai tsada kafin ta iso Yamai. Wadda ke son gwada kasuwarta gara ta ɗauki ƙanana biyu ko uku, ta ga yadda ƴan gari za su karɓa.

Itacen Guro da birai marasa wutsiya

Bayan an tashi kasuwa, sai a shiga daji. Ƴan kilomitoci kaɗan daga Azru akwai wani ƙaton itacen arz da ake kira itacen Guro. Ya bushe tun farkon shekarun 2000, amma yana nan tsaye, ana kuma zuwa kallonsa. Sunan ba baƙo ba ne ga tarihinmu: Janar Guro shi ne sojan Faransa da ya kama Samori Ture a 1898, ya yi aiki a Damagaram a farkon mulkin mallaka, daga baya aka tura shi Maroko. Ɗan Zindar da ya tsaya a gindin itacen, ya san sunan wanda yake karantawa.

A nan ne kuma za ku haɗu da biran dajin, masu kaurin gashi, waɗanda kusan ba su da wutsiya. Sun saba da mutane har suna fizge leda daga hannu, don haka Hajiya a riƙe jaka da kyau. Masu kula da daji suna hana a ba su biskit da burodi, domin yana lalata musu lafiya, yana kuma jawo su bakin kwalta mota ta take su. In wani ya yi muku tayin ɗan biri, ku yi nesa da shi. Tun 2016 dokar duniya ta haramta cinikinsu, kuma wanda ƴan duwan suka kama da shi ya jawo wa kansa da kayansa.

Laraba: hanya ta rabu biyu

Mai gaggawa sai ya bi ta Alhajeb zuwa Maknas, wajen kilomita 70. A kan hanyar akwai wani tudu da ake kira Ito, inda ake tsayawa a hangi kwari da duwatsu iyakar ganin ido. Daga Maknas jirgin ƙasa zai mai da shi Kazablanka a ranar.

Mai sauran kwana kuwa sai ya yi kudu ta ƙauyen Ain Luh, ya ratsa tsakiyar daji zuwa mafarin kogin Ummur Rabi'a, inda idanun ruwa wajen 40 ke ɓuɓɓugowa daga gindin dutse, sannan ya kwana a Kanifra. Wannan hanya ta fi kowace kyau, amma siririya ce, mai yawan kwana, gidajen mai kuma ba su da yawa. A cika tanki tun daga Azru, a tashi da safe, kada a yarda magariba ta riski mota a cikin daji.

Ga masu saida jallabiya akwai ƙarin wuri guda, kusa da Fas. Garin Safru yana kilomita 28 daga Fas, kusa da shi kuma akwai ƙauyen Bahalil, inda mata ke zama ƙofar gida suna saƙa ƙananan maɓallan zaren nan da ke jere a gaban jallabiya. Rabin yini ya isa a je a dawo, a ga inda abin da ake saidawa a rumfa yake fitowa.

Wata da sutura

A nan ne na yi nawa kuskuren. Na hau a watan Nuwamba da shadda da silifa, domin a Fas rana tana da ɗumi. Kafin isha'i a Azru haƙorana na kaɗawa, dole na sayi jallabiyar ulu a farashin da mai shago ya ga dama, don ya ga halin da nake ciki. Dalili shi ne tsawo. Ifran tana sama da mita 1,600 bisa teku, alhali ƙololuwar dutsen Bagzan, wanda ya fi kowane tsawo a Nijar, mita 2,022 ne. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da wajen digiri 6. A Ifran ne aka auna sanyi mafi tsanani a tarihin Afirka, kusan digiri 24 ƙasa da sifili, a watan Fabrairu na 1935. Hunturun da muke kuka da shi a Janairu wasan yara ne.

Daga Disamba zuwa Maris ƙanƙara na sauka, jandarmomi kan rufe hanya da shinge sai an share. Mai jirgi ranar Alhamis kada ya yi caca da wannan. A Yuli da Agusta kuma ƴan ƙasar ne ke cika wurin suna gudun zafi, ɗakuna su yi tsada. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Afrilu zuwa Yuni, ko Satumba da Oktoba. Ko a lokacin, a tafi da rigar sanyi da safa da takalmi rufaffe. Tsofaffi da masu ciwon asma su tambayi mai masauki ko ɗakin yana da abin ɗumama shi kafin su biya.

Mota da kuɗinta

Jajayen ƙananan taksin Fas ba sa fita gari. Wadda ke zuwa Ifran da Azru ita ce babbar taksi mai ɗaukar mutum 6, wadda ke tashi in ta cika, kamar dai a tashoshinmu. In kun kai ku huɗu ko biyar, ya fi ku yi shatar mota ɗaya ta yini. A gama magana tun a tasha: inda za a tsaya, awa nawa za a jira, da ko kuɗin ya haɗa da dawowa. Kada a biya duka sai an sauka. Masu ba da hayar mota galibi suna neman katin banki don jingina, abin da yawancinmu masu yawo da tsabar kuɗi ba mu da shi. Wanda zai tuƙa da kansa ya sani gudu a cikin gari kilomita 60 ne, a wajen gari 100, kuma jandarmomi da na'urar auna gudu suna nan a mashigar garuruwa. Fasfo ya kasance a jiki, domin kowane otel sai ya rubuta shi.

Sai magana ta ƙarshe, ga ma'abota shayi. Na san akwai wanda ba ya tafiya sai da mangal da ɗan gawayi a jaka. A bar shi a masauki. Ganyen sanaubar da ya zuba ƙasa da ƙaronsa suna kama wuta kamar an zuba fetur, kuma dajin da ma yana fama da fari, busassun itatuwan da za ku gani a hanya shaida ne. Mu da muka san wahalar raya gawo ɗaya a gona, bai kamata a ce baƙo daga cikinmu ne ya ƙona itacen da ya shekara 500 ba. Shayin na'ana'a yana nan a kowace rumfa a bakin hanya, da ɗan kuɗi kaɗan.

To Hajiya, ga amsar tambayarki. Kuɗin ɗakin da za ki biya a Kazablanka kina jiran maɗinki, shi za ki biya a Azru, ƙarin kawai na mota ne, wanda in kun haɗu da abokan tafiya ba zai taɓa jari ba. Ki ba da aikinki ranar Asabar, ki ci kasuwar Talata, ki dawo ki karɓi kayanki. Allah ya kai lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya kuma ba da kasuwa mai albarka.