Rama a garaken Tondibiya: Abubuwan da ya kamata ka sani

A Turai akwai wata ciyawa da Faransawa ke kira orti, mutanen Ingila kuma su ce netil. Ko gogar ta ka yi da hannu sai ta bar maka zafi da borin jini, amma duk da haka suna miya da ganyenta, suna saƙa da zarenta. Yanzu da ake sayar da iri ta intanet, ba mamaki mai garka a bakin kogin Isa ya yi sha'awar gwada ta. Shawarata ita ce ya fara duba ramar da ke gefen gonarsa, domin kusan duk aikin da orti ke yi wa Bature rama ta daɗe tana yi mana shi.

Me zai hana a shuka orti a nan?

Yanayi ne zai hana. Orti tsiro ne na ƙasa mai sanyi da danshi da ƴar inuwa, irinta ma ya fi tsira idan ya sha sanyi tukuna. Tondibiya kuwa, wadda sunanta da Zabarmanci ke nufin baƙin dutse, tana arewa maso yammacin Yamai, inda zafin watan Afirilu da Mayu kan wuce digiri 40, ruwan shekara kuma bai cika wuce milimita 600 ba, shi ma kusan duka tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Za a iya lallaɓa ta a tukunya a ƙarƙashin mangwaro, amma wahalar ta fi amfanin.

To ina kamar take da rama?

A wajen masana tsirrai ba su haɗa dangi ba. Rama ƴar ɗakin su yakuwa da kuɓewa da auduga ce, kuma asalinta na Afirka ne. Kamar tasu a aiki take: ana cin ganye, ana fitar da zare daga ɓawon kara, kuma dukansu ba sa son a taɓa su da garaje. Wanda ya taɓa sussukar irin rama da hannu tsirara ya san ƙaiƙayin da ke jikin ƙwansonta. Jamusawa sun koma ga zaren orti don tufafin sojoji a Yaƙin Duniya na Ɗaya lokacin da auduga ta yanke musu; mu kuma igiyar guga da ta ɗaurin jinka da ta turke duk daga rama kakanninmu suka tuƙa su.

Wani abin dariya: akwai nau'in rama mai ganye a rarrabe kamar yatsu, wanda baƙo zai rantse tabar wiwi ce. Daga wannan kamar ne ma aka samo sunanta na kimiyya. Ba ta bugarwa ko kaɗan.

Yaya ake tayar da ita daga iri?

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma kuskuren farko tun daga irin yake. Ƙwayar rama tana da mai, kusan kashi 20 cikin 100, shi ya sa take saurin mutuwa idan ta haɗu da zafi da laima. Irin da ya kwana biyu a leda a cikin ɗakin kwano kan iya cin amanarka. Kafin ka zuba a ƙasa, ɗauki ƙwaya 20 ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka duba bayan kwana huɗu ko biyar. Idan rabi ba su fasa ba, nemi wani iri.

Rama ba ta buƙatar reno a wani wuri a dasa. Kai tsaye ake shuka ta, a zurfin da bai wuce gaɓar yatsa ba, kuma cikin mako guda take fitowa idan ƙasa na da danshi. Sai dai tun kafin ka shuka ka san abin da kake nema. In ganye kake so, ka ba ta fili, ka riƙa tsinke kan domin ta yi rassa. Daga mako uku zuwa huɗu za ka fara cin waɗanda ka cire wajen rage cunkoso. In kuwa zare kake so, sai ka cika ta sosai, ta yadda kowane kara zai miƙe sama neman rana ba tare da reshe ba. A ƙasa mai taki tana kai mita uku, har ta wuce.

Akwai kuma wani hali nata da manoma suka sani a aikace ko da ba su ba shi suna ba. Yawancin nau'o'in rama suna lura da tsawon yini: da zarar yini ya gajarta ƙasa da kamar awa 12 da rabi, sai su bar tsawo su shiga fure. A Yamai yini ya fi tsawo a watan Yuni, ya fi gajarta a Disamba. Saboda haka ramar zare ta farkon damina ce. Wanda ya shuka ta a noman rani zai samu ganyen kai wa kasuwar Katako ko ta Wadata a lokacin da ganye ke tsada, amma kada ya sa ran dogon kara.

Abokan gabarta

Ƙananan ƙwari masu tsalle suna huda ganyenta kamar rariya, irin waɗanda ke addabar kuɓewa. Mafi muni su ne tsutsotsin ƙasa da ido ba ya gani, masu sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli. Suna son ƙasa mai yashi, kuma su ne dai ke cin tumatir da kuɓewa, don haka kada rama ta gaji fangalin da waɗannan suka tashi. A sa gero ko dawa a tsakani. Rama kuma ba ta jure kwanciyar ruwa tana ƙarama. Wanda ya tuna ambaliyar Satumban 2020, da kogi ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai ya shanye garake, ya san ba a kwari ake ajiye shukar damina ba.

Daga tukunya zuwa mota

Kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli ba sai an koya wa Bahaushe ba, haka dambu da fate. A tafasa a zubar da ruwan farko, tsamin ya ragu. Abin da ya saura na ganye awaki da tumaki su cinye, kuma abinci ne mai gina jiki a gare su.

Zaren kuwa yana cikin ɓawo, wanda bai wuce kashi 35 zuwa 40 cikin 100 na nauyin kara ba. Ana yanke rama da ta fara fure, a ɗaure dami-dami a jiƙa a ruwa kamar mako biyu har ɓawon ya saki, a wanke a shanya. Ruwan jiƙon yana wari kuma yana kashe kifi idan wurin ƙarami ne, saboda haka a yi rami daban, nesa da inda ake ɗibar na sha.

A waje an kai ta inda ba mu kai ta ba. A Amurka an buga jaridar Peoria Journal Star a kan takardar rama a 1977. Kamfanin Toyota na sa zarenta a bangon ƙofofin wasu motocinsa. Malesiya ta kafa hukuma guda don manoman taba su koma noman rama. Nijeriya ma ta gwada, da masana'antun buhun garara a Jos da Badagry a shekarun 1960, kafin buhun leda ya ci kasuwar.

Akwai riba?

A ganye, akwai, musamman ga mai garka kusa da babban birni irin Yamai. A zare kuwa ban ga dalilin da zai sa mutum ya cika eka da ita ba tun bai san mai saye ba, domin igiyar roba ta karya farashi. A fara da layi biyu ko uku a gefen salati da shu, a bar ƴan karare su nuna don iri. Ranar sussuka kuma a sa riga mai dogon hannu, a juya wa iska baya.