Jifan Doya da Ƙwallon Baɗi

A Amurka ɗaliban jami'a suna da wata ƙwallo tasu da ake jifa da hannu, a rungume ta a ruga da gudu, a yi kokawa a kanta har ƙasa. Kada ka raina ta don an ce ta ɗalibai ce. Filin Jami'ar Michigan kaɗai yana cin mutum fiye da 100,000, kuma cika yake yi. Suna fara kaka a ƙarshen Agusta su ƙare a Janairu, daga nan sai a shiga watannin zaman jira, a yi ta musu a rediyo da jaridu da wuraren shan shayinsu. Musun kusan kullum a kan abu ɗaya yake: wa zai yi mana jifa baɗi, su wa kuma za su cafe?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a 'Yan Doya a nan Jos lokacin da mota ta iso daga Namu ko Shendam, to ya riga ya ga wasan nan ko bai taɓa kunna talabijin ba. Ita kanta ƙwallon tasu doguwa ce mai tsini gaba da baya, ƙirar madaidaiciyar doya. Mutum ɗaya yana saman mota, ya sunkuya ya ɗauko ya wurgo. Na ƙasa ya cafe ya miƙa, ana jerawa ana ƙirgawa har ƙwarya ta cika ɗari. Na saman motar nan shi Amurkawa suke kira kwatabak, mu sai mu ce mai jifa. Na ƙasa su ne masu cafewa. In doya ta kuɓuce ta bugi ƙasa ta karye, kuɗinta ya zube nan take, kuma mai kaya ba zai tsaya binciken hannun wa ya yi laifi ba, su biyun zai haɗa ya yi wa faɗa.

Dokar wasan ba ta da wuyar ganewa. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Ana ba ku dama huɗu ku ci yadi goma gaba, in kun ci a sake ba ku wasu huɗun, har ku kai ƙwallo ƙarshen fili ku sami maki shida. Wahalar tana wani wajen. Ka ɗauka ana sauke doyar nan, amma masu cafewa ba a tsaye suke ba, a guje suke, kowa ya nufi tasa kusurwar kasuwar, ga wasu suna binsu ƙafa da ƙafa don su fizge. Shi kuma na saman mota ƙarti ne suke hawowa su kayar da shi, abin da yake da shi bai fi daƙiƙa uku ba. Majiya ƙarfi biyar ne suke tsaye a gabansa suna tare masa hanya, in suka yi sako-sako ko shi ne sarkin jifa sai dai a ɗaga shi daga ƙasa. A cikin daƙiƙun nan zai duba na farko ya ga an tsare shi, ya duba na biyu, ya saki. Kuma ba inda mutumin yake tsaye zai jefa ba, inda zai kai nan da taku biyar zai jefa. Sau da yawa lokacin da ƙwallo ta bar hannunsa mai cafewar bai ma juyo ba tukuna, ƙeyarsa kawai ake gani. Juyowarsa da isowar ƙwallon lokaci ɗaya ne.

Wannan abu ƙarfin dantse ba ya bayar da shi, sabo ne yake bayarwa. Ka lura da 'yan dakon da suka shekara da shekaru suna aiki tare. Ba sa ko kallon juna. Na sama ya san wancan bahago ne, ta hagu zai sakar masa. Ya san wannan yana son ta zo masa daidai ciki, ɗayan kuma dogo ne, ko ta yi sama zai kamo. In babbar doya ce sai ya ɗan yi gyaran murya kafin ya saki, na ƙasa ya gyara tsayuwa. Shi ma na ƙasan hannunsa ya koyi ladabi: ba ya tarar doya da ƙarfi, biyo ta yake yi ya ja hannu baya zuwa cikinsa, ta kwanta masa kamar jariri. Amma kawo sabon yaro, ko da ya fi kowa ƙwanji. Za ka ji yana cewa, "Maigida, a hankali mana!" Na sama ya ce, "Kai yaro, saki hannunka, kada ka ƙanƙame!" Motar da ake saukewa kafin azahar sai ta kai la'asar, ga karyayyu an ware gefe guda.

Amurkawan ma sun ga haka da idonsu. Wani ɗalibi mai suna Joe Burrow ya bar Jami'ar Jihar Ohio inda ya gaji da zaman benci, ya koma Jami'ar Jihar Louisiana a 2018. A shekararsa ta farko jifa 16 ya yi da suka kai ga cin maki, ba yabo ba fallasa, ba wanda ya damu da shi. Sai ya sake shekara da yaran nan guda da ya saba da su, Ja'Marr Chase da Justin Jefferson, aka kuma kawo sabon mai tsara musu hanyoyin jifa. A 2019 ya yi 60. Suka buga wasa 15 suka cinye duka, suka ɗauki kofin ƙasa, shi kuma ya karɓi kyautar Heisman ta gwarzon ɗalibi. Dantsen dai shi ne na bara. Da ƙungiyar ƙwararru ta Cincinnati Bengals ta ɗauke shi a 2020, shekara na zagayowa sai ta koma ta ɗauko masa Chase, kuma a kakarsu ta farko tare suka kai wasan ƙarshe na ƙasar baki ɗaya. Yanzu kuwa jami'o'in nasu ma abin ya fara gagararsu. Tun 2018 aka sauƙaƙa wa ɗalibi sauya jami'a, daga 2021 aka yarda ya sami kuɗi da sunansa, sai ya zama kowace shekara ana watsewa ana sake haɗuwa da baƙin fuska.

To mu wannan ciwon tsohon ciwonmu ne. A tamu ƙwallon ta ƙafa mai jifa shi ne lamba goma, ko duk ɗan tsakiyar da yake raba ƙwallo, masu cafewa kuma su ne lamba tara da 'yan gefe. Jos kuwa ba ta taɓa rasa ko ɗaya daga cikinsu ba. Garin nan ne ya haifi John Mikel Obi, wanda ya taka leda a Plateau United kafin ya ƙetare, ya je Holan a 2005 gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 yana raba ƙwallo kamar mai rabon goro, aka ce Messi kaɗai ne ya fi shi a gasar. Da ya isa Chelsea sai suka sauko da shi daga saman mota suka mai da shi mai tare hanya. Ya yi aikin da gaskiya, har ya ɗaga kofin zakarun Turai a 2012, amma har yau akwai dattawan gidan kallo a Dilimi da Gangare da suke jin zafin abin, ni ma ina cikin masu ganin an rage mana wani abu. Garin nan ne ya haifi Ahmed Musa, ya tashi a makarantar ƙwallo ta GBS, ya buga wa JUTH, ƙungiyar asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, sannan ya tafi Kano Pillars ya zura 18 a kaka guda. Ga Ogenyi Onazi, ga Moses Simon. Mikel da Onazi da Musa duk suna cikin tawagar da ta ɗauko kofin Afirka a 2013. Sai dai ka tambayi kanka, yaushe mutanen Jos suka taɓa biyan kuɗin ƙofa suka ga Mikel ya sako wa Musa ƙwallo da rigar ƙungiyar gida? Ba a taɓa ba. Muna noma doyar, muna da masu jifa da masu cafewa, amma a kasuwar wasu ake sauke ta.

Mai son ya ga cafiya ta gaske ya nemi wasan Najeriya da Iceland na gasar duniya ta 2018 a Rasha. Victor Moses ya sako ta daga dama, tana tafe da tsayin da bai dace da kai ba bai dace da ƙafa ba. Musa ya miƙa ƙafa ya tare ta a iska, ya kwantar da ita da taɓawa ɗaya, kafin ta gama sauka ya ɗirka ta raga. Taɓawar farkon nan ita ce jan hannun ɗan dako zuwa ciki. Ta biyun kuma Kenneth Omeruo ne ya wurgo doguwa daga baya zuwa filin da ba kowa, don ya san akwai mai ƙafar da zai riga kowa isa wurin.

Manya suna ba da labarin Mighty Jets ta Alhaji Isyaku Ibrahim, wadda ta ɗauki kofin lig na ƙasa na farko a 1972. 'Yan wasanta su Sam Garba Okoye da Ismaila Mabo 'ya'yan Jos ne, 'yan gidan Atuegbu kuwa 'yan'uwan juna ne na jini, a tsakar gida ɗaya suka fara buga tamaula. Irin waɗannan ba sa bukatar koci ya zana musu allo kafin su san inda ɗan'uwa zai ɓullo. Plateau United kuma sai a 2017 ta ɗauki nata kofin lig na farko a hannun Kennedy Boboye, ranar da ta doke Enugu Rangers da ci 2 da nema a filin Rwang Pam. Abin lura a shekarar shi ne wanda ya fi kowa zura ƙwallo a ƙasar ba ɗan Plateau ba ne, Anthony Okpotu ne na Lobi Stars da 19. Mu kofin muka ɗauka, don hannuwan da suke cafewa a ƙasa suna da yawa. Motar da mutum ɗaya ne kaɗai yake tarar kayanta, ranar da ya kwana da zazzaɓi a nan za ta wuni.

Saboda haka in aka zauna musun baɗi aka fara jero sunayen sababbin 'yan wasan da aka sayo, ni tambayata ta farko ita ce su wa suka rage. Ƙungiyoyin firimiyar Najeriya sun saba da sallamar rabin 'yan wasa in kaka ta ƙare, su kwaso wasu rabin, a haɗa su sansani na 'yan makonni, a ce to bismilla. Ga shi kakar tamu yanzu tana farawa ne wajen Agusta ko Satumba, daidai fitowar sabuwar doya, wadda ruwa ne cike da ita, ɗan bugu kaɗan ta tsage. Sabuwar ƙungiya haka take. Mai raba ƙwallo zai sako ta gaba, ɗan gaban ya tsaya yana jira a ƙafa. Gobe ɗan gaban ya ruga da wuri, wancan ya makara da daƙiƙa ɗaya, mai tuta ya ɗaga an yi satar gida. 'Yan kallo su tashi da ihu a cire wane, bai iya ba, alhali ya iya, juna ne ba su sani ba. Wasa 38 ake bugawa, kuma kafin a kai na goma sau da yawa har an fara neman kan koci.

Ba na cewa kada a sa rai. Jos gari ne da ya cancanci ya sa rai, ga sanyi ga tudu mai sa baƙo haki tun kafin a tafi hutun rabin lokaci, ga filin Titin Zariya in ya cika ba ƙaramin kwarjini gare shi ba. A 2020 Plateau United tana saman teburi annobar korona ta tsayar da wasa, a 2022 ta ƙare ta biyu a bayan Rivers United. Amma maki na gida kowa yana samu a gasar nan tamu. Inda ake gane masu ɗaukar kofi shi ne Aba da Fatakwal da Legas, bayan an kwana a hanya cikin bas, ƙafa ta kumbura, kuma damar da za ta zo maka a minti 90 ba ta wuce biyu ko uku ba. A irin wannan ranar babu lokacin ɗaga kai a nemi mutum. Dole ƙwallo ta tafi inda aka saba samunsa. Dole kuma lamba shida ya tsaya da gaske ya tare wa mai rabon hanya, don ba wanda yake jifa mai kyau ana jan rigarsa. Sannan a biya mutane haƙƙinsu a kan lokaci, a kowace ƙungiya ce. Ɗan dakon da yake tunanin kuɗin jiya ba zai ba doyar yau duka hankalinsa ba.

Abin da zan zuba wa ido a wasannin farko na gida ƙaramin abu ne, ba ya fitowa a allon sakamako. Zan duba ko ɗan gaba yana fara gudu tun kafin mai ƙwallo ya ɗago kai. In na ga haka ko sau biyu a wasa, ko an tashi canjaras zan koma gida da kwanciyar rai, don ƙwallayen suna nan tafe wajen Disamba. In ban gani ba, ko an ci uku zan san sa'a ce da ƙarfin gida.

Akwai kuma abin da shugabannin ƙungiya za su iya yi wanda ba ya cin kuɗin kirki. Kwantiragin shekara biyu ko uku ga mai rabo da mutum biyun da suka fi fahimtarsa ya fi sayen sababbi goma. Kuma a filayen ƙura na Bukuru da Tudun Wada da Unguwar Rogo da Nasarawa Gwom akwai yara bibbiyu da suke buga wa juna ƙwallo tun suna firamare, ɗaya Musa ɗaya Dung, ɗaya Pam ɗaya Chinedu, kowa a unguwar ya san in wannan ya riƙe wancan zai ci. Masu farautar 'yan wasa sukan zo su ɗauki mai cin, su bar ɗayan a bakin fili, in an kai shi can ya kasa a ce yaron ya lalace. Duk wanda ƙungiya ta tura neman ɗan gaba a bana, in ya ga wanda ya yi masa, ya ja shi gefe ya tambaye shi wa yake ba shi ƙwallo, ya rubuta sunayen biyu a takarda ɗaya.