Daga murhun Sarkin Yamma zuwa tukunyar firesha: Me ya sa nama ke dagargajewa a hannun matasa?

A Sarkin Yamma, ƙaramar hukumar karkara da ke gundumar Madarunfa a jihar Maraɗi, idan aka yanka akuya ranar suna babu mai duba agogo. Ana ɗora tukunya a murhu, a iza itace, mai girki ta riƙa buɗe murfi tana taɓa naman da ludayi. Idan wuta ta yi yawa ta janye itace ɗaya, idan ruwa ya ƙone ta ƙara. Idonta da harshenta su ne ma'auni.

'Ya'yan irin waɗannan gidaje da aiki ko karatu ya kai su Maraɗi, Yamai, Kano, Jidda ko Faransa ba su da wannan sararin. Ɗaki ɗaya ne, ga tulun gas da ake tsoron ya ƙare kafin wata ya mutu. Shi ya sa da yawansu suka rungumi tukunyar firesha, mai rufe tururi ruf, wadda masu jin Faransanci suka fi sani da kokot. Sai dai koken nasu kusan iri ɗaya ne: an sayi nama da tsada, an haɗa dage-dage da kori da citta, ana buɗe tukunya sai a tarar da zare-zare a cikin ruwa tsululu.

Tukunyar ba sabuwa ba ce. Wani Bafaranshe mai suna Denis Papin ne ya ƙirƙiro ta a 1679, kamfanin SEB kuma ya fito da Super-Cocotte a 1953. Instant Pot mai aiki da lantarki ta shigo kasuwa a 2010 daga Kanada. Dukkansu dabara ɗaya ce. A buɗaɗɗiyar tukunya ruwa ba ya wuce digiri 100 komai ƙarfin wutar. Idan aka toshe tururi, zafin na kaiwa wajen digiri 120 a ta kan gas, ta lantarki kuma ta ɗan gaza haka. Wannan ƙarin ne ke mayar da girkin awa biyu ya koma na rabin awa.

Abin da ke faruwa da naman kansa shi ne inda ake tafka kuskure. Abu biyu ne a cikin kowace tsoka. Akwai jijiya da tantani, waɗanda zafi ke narkarwa su zama danƙon nan da ke sa romon ƙafar sa ya daskare idan ya huce. Akwai kuma zaren tsokar, wanda zafi ke sa ya takure ya matse ruwan jikinsa. Ana son a sauke tukunya daidai lokacin da jijiyar ta narke, zaren bai gama bushewa ba. Da zarar an wuce wannan gaɓar, naman zai watse a cokali amma ya yi gautsi a baki, kamar ana tauna auduga. A murhu tazarar tana da faɗi, mutum na iya yin sallah ya dawo bai makara ba. A firesha minti biyar sun isa su ɓata komai, ga shi babu halin leƙawa.

Ba kowane nama ne ɗaya ba, kuma nan ne 'yan ci-rani suka fi faɗawa. Jar akuyar Maraɗi, wadda duniya ta santa saboda kyan fatarta, tana wuni tana yawon kiwo, sau da yawa ma sai ta manyanta ake yanka ta. Namanta na da jijiya, yana jure wuta, zai iya ɗaukar minti 25 zuwa 30 da ƙashinsa. Ɗan ragon da ake sayarwa a kantunan Turai kuwa yawanci bai cika shekara ba, minti 15 zuwa 20 sun ishe shi. Kazar Hausa ko tsohon zabo na neman wajen minti 20, amma kazar gidan gona idan ta wuce minti 8 zuwa 10 sai ƙashi ya rabu da tsoka. Ƙafar sa da ganda su ne abokan firesha na gaskiya, suna cin minti 45 har awa guda. Hanta da ƙoda kada ma su shiga, a soya su daban.

Ƙirgar tana farawa ne daga lokacin da tukunyar ta soma huci, ko ɗan ƙarfen murfin ya ɗago, ba daga ɗorawa ba. Daga nan a rage wuta ƙasa sosai. Ƙara wuta ba ya ƙara sauri, gas kawai yake ci.

Sai batun sauke tukunya, wanda ni kaina na daɗe ina yin ganganci a kansa. Yunwa kan sa mutum ya saki tururin gaba ɗaya don ya buɗe da wuri. Yin haka na sa ruwan ciki ya tafasa da ƙarfi nan take, ya wargaza naman, ya tsotse masa ɗanɗano. Gara a kashe wuta a bar ta minti 10 zuwa 15 ta huce da kanta. Amma a tuna naman na ci gaba da dahuwa a wannan zaman, don haka a rage daga lokacin wuta.

Ruwa ma haka. Tunda tururi ba ya fita, abin da aka zuba shi za a tarar, har da ƙarin wanda nama da albasa suka saki. Kofi ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya wadatar ga kilo guda, muddin bai gaza mafi ƙarancin da takardar tukunyar ta faɗa ba. Kada a cika ta fiye da kashi biyu cikin uku. Kori, tafarnuwa, citta da masoro a soya su da albasa a mai tun farko, a juya naman a ciki ya ɗan yi ja. Markaɗen tumatir mai kauri a zuba shi a sama kada a juya, don shi ne ke kamawa a gindin tukunya. Kuka da kuɓewa sai bayan an buɗe, domin yauƙi da kumfa na iya toshe hancin da tururi ke fita, wannan kuwa hatsari ne ba ɓarnar miya kawai ba. Kanwar da iyaye ke jefawa don tausasa tsohon nama ba ta da gurbi a nan.

Tambayar wace za a saya, ta gas ko ta lantarki, amsarta na hannun wutar garin da mutum yake. Mazauna Maraɗi ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take bai wa Nijar bayan juyin mulki. Ta lantarki na kashe kanta idan lokaci ya cika, amma idan aka ɗauke wuta a tsakiyar girki lissafi ya rikice. Ta kan gas ba ta da wannan matsala, har a kan gawayi tana aiki idan an iya rage wutar. A karkara ma tana da amfani, ganin yadda dajin Baban Rafi ya daɗe yana ɗauke da nauyin itacen girkin Maraɗi.

Wanda bai san naman da ya saya ba, ya rage minti biyar daga abin da yake zato. Idan ya buɗe da sauran tauri, ya ƙarasa a buɗe yana ɗanɗanawa, miyar ma ta samu ta yi kauri. Wanda nasa ya riga ya watse kuma ya tsame shi, ya daka, ya soya da yaji da ɗan man gyaɗa ya zama dambu, romon ya ajiye don shinkafar gobe.