Injin da ke mutuwa a tsakiyar Kwara, ya tashi a bakin gaɓa

A Lolo da ke ƙaramar hukumar Bagudo, kusa da inda kogin Kwara ya shigo Najeriya bayan ya raba Benin da Nijar, jirgin ruwa mai inji shi ne motar haya. Shi ke jigilar buhuna da 'yan kasuwa, wasu har Malanville da Gaya. Da yawa daga injinan Yamaha ne masu ƙarfin doki 15 ko 40, waɗanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Matsalar da ta fi ci wa matuƙa tuwo a ƙwarya ita ce ta injin da zai yi tafiyar rabin awa lafiya lau, ya ɗauke wuta a tsakiyar ruwa, sannan da an kai shi gaban makanike ya tashi da ja ɗaya.

Mai ake fara zargi, kuma ba a banza ba. Tun Nuwamban 2019, da Kwastan ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen yankin suka ƙara dogara da man jarka, wanda ba ya rasa ruwa ko datti. Amma mai kunne zai iya bambancewa. In mai ne, a hankali abin yake zuwa: injin ya riƙa shaƙewa, ƙarfi ya ragu, in an matsa robar da ke kan tiyon mai ya farfaɗo. In wuta ce, farat ɗaya take yankewa, ko silinda ɗaya cikin biyu ta daina aiki, injin ya kama kakkarwa, jirgi ya yi nauyi.

Wutar nan a cikin injin ake haifar ta. Faifan da igiya ke juyawa yana ɗauke da maganaɗisu, yana wucewa ta kan kwayil da ke ƙarƙashinsa sai lantarki ya samu. Baƙin akwatin da ake kira CDI ya tara shi, wani ƙaramin kwayil ya ba shi alamar lokaci, ya sake shi zuwa kwayil na ƙarshe, wanda ke ɗaga shi zuwa dubban volt domin ya tsallake tazarar bakin filogi, wadda ba ta wuce milimita ɗaya ba. Duk inda aka samu sako-sako a wannan hanya, zafi ko girgiza ko danshi za su tona shi.

Zafin ya fi wayo. Wayar tagullar da ke cikin kwayil siririya ce ƙwarai. In ta tsage, bakunan tsagin suna haɗe muddin tana da sanyi. Da injin ya ɗau zafi ƙarfe ya buɗe, sai su rabu. Kafin a tuƙa jirgin da filafili zuwa gaɓa ya huce, sun sake haɗewa. Shi ya sa awon da aka yi wa inji mai sanyi ba ya nuna komai. A lokacin da ya mutu ake kama shi: a cire filogi, a mayar masa da hularsa, a jingina shi da ƙarfen injin nesa da tanki, a ja igiya. Tartsatsi shuɗi mai ƙara lafiya ce. Ja-ja mai rauni, ko babu sam, wuta ce.

Akwai kuma maɓallin kashe inji, wanda ba a cika tunawa da shi ba. Aikinsa shi ne karkatar da wutar zuwa jikin ƙarfe. In ruwa ya shige shi, ko wayarsa ta goge tana taɓa ƙarfe duk sanda jirgi ya bugi igiyar ruwa, to yana kashe injin ba da izinin kowa ba. A zare wayar a gwada. In matsalar ta tafi, an gano ɓarawon. A mayar da maɓalli mai kyau kafin a ɗauki fasinja.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne gaggawar sayen CDI. Shi ya fi tsada a layin, kuma sau da yawa ba shi da laifi: kusoshin da ke ɗaure waya da jikin inji sun yi tsatsa, ko hular filogi ta tsage, ko an zuba baƙin mai ya wuce kima har bakin filogi ya yi baƙi ƙirin yana maiƙo. Ma'aunin da aka saba shi ne lita ɗaya ga fetur lita 50, ba abin da ido ya kimanta ba.

Kwara a nan sau biyu take cika: da damina, sai kuma daga Disamba, lokacin da ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini yake isowa. A irin wannan lokaci jirgi mai lodi da injinsa ya mutu juyawa yake ya ba ruwa gefe, don haka filogi biyu sababbi da sifana da filafili su kasance kusa da hannun matuƙi, ba ƙarƙashin buhuna ba.