Iyalin Ɗan Mishan da Kututturen Gonar Talaka

Wanda ya bi babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi gabas, in ya bar Mirya ya wuce Gidimuni, kafin ya kai Gure zai yada zango a Gidigir, inda Mangawa da Hausawa da Fulani suke cin kasuwa ɗaya, inda kuma ƙasa take fara sauya kama, gonakin gero suna raguwa, tuddan rairayi suna ƙaruwa, tsakaninsu ga kwaruruka masu dabino da goriba da kanwa waɗanda rayuwar jama'a ta rataya a kansu tun zamanin sarakunan Muniyo. Ruwan da Allah yake saukarwa a wannan yanki ba ya nisa da milimita 300 a shekara, wata shekarar ma ba ya kaiwa. Saboda haka mutumin Gidigir ya fi kowa cancantar a tattauna da shi a kan sha'anin itace, ko da labarin ya faro ne daga gidan wani Banasare ɗan mishan a Maraɗi.

Asalin zuwan 'yan mishan ɗin nan ƙasarmu sananne ne. A ƙarshen 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Ikko da niyyar kai addininsu cikin Bilad as-Sudan, shekara ba ta zagayo ba biyu na farkon suka riga mu gidan gaskiya, Bingham kaɗai ya tsira ya raya ƙungiyar da aka sani da SIM. Ta kafa zango a Damagaram a 1924, bayan 'yan shekaru ta kafa wani a Tsibirin Gobir. A 1950 Likita Burt Long da matarsa Ruth suka buɗe asibitin Galmi, a 1956 kuma aka buɗe wurin jinyar kutare a Danja, kudu da Maraɗi.

Galibin masu ba da tarihin mishan sukan ƙidaya gine-gine, su manta da cewa a cikin kowane gini akwai miji da mata da 'ya'ya, alhali kuwa a nan ne nauyin al'amarin yake. Ɗan mishan irin na SIM ba gwamnati take ɗaukar nauyinsa ba. Majami'un garinsu da 'yan'uwa da abokai su suke tara masa guzuri wata-wata, shi kuwa wajibinsa ne ya riƙa aika musu da wasiƙu yana bayyana abin da ya yi da abin da yake roƙon a taya shi addu'a a kai, bayan 'yan shekaru kuma ya koma gida ya zaga majami'un nan ɗaya bayan ɗaya domin kada igiyar ta tsinke. Kafin a damƙa masa aiki sai ya zauna ya koyi Hausa, ita ma uwargidan haka, domin ita ce za ta shiga cikin gidaje wurin matan da namiji baƙo ba ya gani, ta duba mai jego, ta wanke gyambo, ta koya wa yara karatu. Mafi ɗacin abin shi ne sha'anin 'ya'ya. A zamanin su Likita Long, yaro yana kai shekarun shiga makaranta sai a ɗauke shi daga Galmi ko Tsibiri a kai shi makarantar kwana ta Miyango, a tsaunukan Jos, wadda aka raɗa wa sunan Thomas Kent, ya yi watanni bai ga fuskar mahaifiyarsa ba. Da yawa daga cikin yaran nan, bayan sun manyanta, sun faɗi irin raunin da wannan rabuwa ta bari a zukatansu. A Miyango ɗin nan akwai maƙabartar 'yan mishan, kuma a cikinta akwai ƙananan kaburbura.

Insafi ya wajabta mu faɗi abu biyu tare. Na farko, abin da ya kawo su shi ne kiran mutane zuwa ga addinin Almasihu, ba su kuwa ɓoye ba. A asibitocinsu wa'azi da magani tafiya ɗaya suke yi, don haka ɗari-ɗarin da iyayenmu da malamanmu suka yi da su yana da hujja, domin mai ciwo da mai yunwa ba su da cikakken ikon cewa a'a. Na biyu, bayan shekara 100 da zuwansu Damagaram, Kirista a Nijar ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, amma dubban Musulmi sun shiga Galmi a kwance sun fito da ƙafafunsu, suka koma garuruwansu suna salla yadda suka saba.

A cikin wannan ƙungiya ta SIM ne Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya wanda ya karanta ilmin noma, ya iso Maraɗi tare da matarsa Liz a 1981, suka zauna har 1999, 'ya'yansu suka tashi a nan. Aikin da ya tarar shi ne wanda kowa yake yi a lokacin: a reni dashe a gandu, a loda a mota, a kai ƙauye, a dasa, a kewaye da ƙaya, sa'an nan rana da gara da awaki da iskar bazara su cinye mafi yawansa kafin wata damina. Ya yi shekara biyu a haka har ya kusa yanke ƙauna. A 1983, bisa ga abin da shi da kansa yake ba da labari, yana kan hanyar ƙauye da lodin dashe sai ya tsaya don ya rage iskar tayoyinsa saboda yashi, ya dubi ƙasa fayau ba inuwa, ya roƙi Ubangiji ya buɗe masa ido. Sai hankalinsa ya kai ga wani ɗan kurmi a gefen hanya, irin wanda ya sha wucewa yana ɗauka ciyawa ce, ya matsa ya duba ganyen, ya gane ashe itace ne da aka sare, kututturensa yana ta fid da toho.

Hikimar da ke cikin wannan ita ce, itacen da aka sare kansa kaɗai aka cire, saiwarsa tana nan a raye, ta riga ta nutsa ta kai ga laima, tana kuma riƙe da abincin da ta tara shekara da shekaru. Dashen gandu kuwa jariri ne da aka yaye kafin lokaci, dole ya nemi ruwa da gajeriyar saiwa a ƙasa mai ƙuna. Abin da yake hana tohon kututture zama itace shi ne yawansa, da kuma sassaben da ake yi kowace bazara, inda manomi yake bi da gatari ya share sabara da kalgo da magarya ƙasa-ƙasa ya cinna musu wuta. A sabuwar hanyar, wadda manoman Maraɗi suka kira sassabin zamani, mutum yakan tsuguna gaban kututture ya duba rassan, ya zaɓi miƙaƙƙu masu ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, ya cire sauran, ya kuma rage ƙananan rassan gefe har wajen rabin tsawon sandar, yana sara da kaifaffen ƙarfe daga ƙasa zuwa sama domin kada ɓawon ya yage. Duk ƙarfin saiwar sai ya koma ga 'yan sandunan nan, cikin shekara biyu ko uku su fi mutum tsawo. Abin da aka cire ya zama makamashin uwargida, ganyen da ya zuba ya zama taki, iskar farkon damina wadda takan binne gero yana ɗan tsiro, har mutum ya maimaita shuka sau biyu ko uku, ta sami abin da zai karya ta. Gawo kuwa ya fi sauran itatuwan duka, domin yana zubar da ganyensa da damina, ba ya tare wa hatsi rana, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani.

Manoma kaɗan ne suka yarda da farko, aka yi ta yi musu dariya, aka riƙa sace musu sanduna da dare. Sai ga yunwar 1984, wadda mutanen Maraɗi suke kira El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da Buhari ya yi. Mishan ta shiga rabon hatsi a ƙauyuka wajen 95, ta kuma sa sharaɗi cewa mai karɓa ya bar itatuwa a gonarsa, aka raya kimanin 500,000. Ni a ganina sharaɗi a kan mai yunwa abu ne mai nauyi ko da na alheri ne, kuma mutane sun nuna haka, domin da aka daina rabon sai suka sare wajen kashi biyu cikin uku. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga geronsu bai ragu ba, ga itacen girki a kusa, ga na sayarwa, daga nan maƙwabci ya fara kwaikwayon maƙwabci ba tare da an ba shi ko tiya ɗaya ba.

Tambayar da ta kamata mai hankali ya yi ita ce, yaya aka yi manomin da ya gaji ƙasar nan kaka da kakanni ya jira baƙo ya nuna masa kututturen gonarsa? Amsa ita ce bai jahilci abin ba, hana shi aka yi. Ana ruwaito cewa Sarkin Damagaram Tanimu, a ƙarni na 19, ya haramta saran gawo ya kuma tsananta hukunci a kai. Da Faransawa suka zo, dokar dajinsu ta 1935 ta mai da itatuwa a hannun hukuma, gwamnatocin bayan 'yancin kai suka ɗora a kanta, har ya zama mutum yana iya biyan tara don ya sare reshen itacen da ya tsiro a gonar ubansa. Wanda ya san haka kuwa, maslaharsa ita ce ya kashe tohon tun yana ƙarami kafin malamin daji ya gan shi. Babban abin da Rinaudo ya yi, wanda ya fi gano kututturen, shi ne zaman da ya yi shekaru yana jin Hausa, yana shiga tsakanin manoma da malaman daji, har aka sassauta aka bar mai gona ya ci moriyar abin da ya rena. Wannan ba ya samuwa ga mai zuwa da aikin shekara uku ya tafi.

Masu bincike irin su Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan, da suka gwada hotunan sama na 1975 da na bayan 2000, sun ƙiyasta cewa gonakin da suka sake yin itace a Nijar sun kai hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Sun kuma tarar cewa a Magarya da Matamaye da Mirya, inda gawo ya cika wajen hekta miliyan ɗaya, galibin aikin manoma ne suka yi shi da kansu. A 2018 aka ba Rinaudo lambar girma ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin, shekara ɗaya da Yakuba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya raya dabarar haƙa ramukan shuka. A 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena a gonarsa.

A ƙasar Gidigir dabarar tana da iyaka. A jigawar da ake noma, inda sabara da aduwa da magarya suke da saiwa a ƙasa, tana aiki kamar yadda ta yi a Maraɗi. A kan tudun rairayi mai tafiya, wanda yake gangarowa yana cike kwarin dabino, babu kututturen da za a tayar. Sai an fara kafa shingayen kalimbo ko na kaba an tsayar da yashin, a shuka ciyawa, a tsare wurin daga dabbobi shekaru. Ga kuma makiyaya, waɗanda suke da haƙƙin shiga gonaki bayan an kwashe amfani, kuma raƙumi da akuya ba su san toho zaɓaɓɓe ba. A Ɗan Saga ta ƙasar Agye an magance wannan da kwamitin gari wanda ya haɗa manoma da mata da Fulani, suka yi ittifaƙi a kan abin da za a sara da wanda za a bari da tarar wanda ya keta. Irin wannan zama ne ya kamata masu gari da limamai da arɗo-arɗo na Gidigir su yi tun da rani, kafin lokacin sassabe ya zo.