Kafin Ka Ɗora Wa Faifai Laifi: Jan Hankali Ga Masu Tsofaffin Wasannin Kwamfuta A Jidda

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Jidda a farkon shekarun 2000 ya san yadda shagunan intanet suke cika bayan sallar isha'i, samari na gwabza Red Alert 2 da Generals. 'Ya'yan Hausawan Karantina da Gulail da Sabil da Hindawiya suna cikin wannan sahu, wasu ma har suka tara kuɗi suka sayi nasu fayafayan. Rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 aka ci gaba da shi a 2022 ya tayar da iyalai da yawa daga waɗannan unguwanni, kuma a wajen kwashe kaya aka tono kwalayen da aka manta da su. Wasu fayafayan sun bi masu su zuwa sabon gida, wasu sun ƙare a kasuwar gwanjo ta Sawarik da ke kudancin gari.

Yau ga uba yana son nuna wa ɗansa wasan da ya yi tashe a zamaninsu. Ya saka faifai, na'ura ta yi ta gurnani, ko dai a ji shiru, ko kwamfuta ta ce a saka faifai alhali yana ciki. Abin da yawancin mutane ke yi daga nan shi ne su hau goge faifan da bakin riga, su shafa masa man goge baki ko turare, in duk bai yi ba su nufi intanet neman abin da zai fasa makullin wasan. A nan ake garin gyaran gira a rasa ido. Abubuwa uku ne ke hana tsohon wasa tashi: faifan, na'urar da ke karanta shi, ko Windows ɗin da ke kan kwamfutar. Kowanne da alamarsa, kuma wanda bai tantance ba kafin ya fara gyara yakan lalata abin da lafiyarsa lau.

Gwajin da ba ya cin ko riyal ɗaya

Ka fara saka wani faifai da ka tabbatar yana aiki a cikin na'urar. Idan shi ma ya ƙi, na'urar ce. Sannan ka kai faifan da ake zargi wata kwamfutar. Idan ya buɗe a can, ka wanke shi daga zargi. Na uku, in kwamfutarka tana nuna fayilolin da ke kan faifan, ka kwafe su gaba ɗaya zuwa cikinta. Idan kwafin ya tsaya a wuri guda kowane lokaci, yana kawo saƙon kuskuren CRC, mai yiwuwa akwai rauni a jikin faifan. Idan kuwa komai ya kwafu sumul amma wasan ya ƙi tashi, to ba a jikin faifai gizo ke saƙar ba, a Windows ne.

Yadda faifai yake, da yadda yanayin Jidda ke cin sa

Kamfanonin Philips da Sony ne suka fito da faifan CD a 1982. Kaurinsa milimita 1.2 ne, kusan duka roba ce mai haske. Bayanan suna jere a kan layi guda mai nannaɗewa, wanda ya faro daga tsakiya ya nufi gefe, tsawonsa ya haura kilomita 5. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a faifan CD bayanan suna can sama, dab da fuskar da aka yi wa rubutu da hoto, fatar alminiyom ce siririya da ɗan fenti kawai ya rufe ta. Saboda haka karcewar ƙasa, wadda kowa ke tsoro, sau da yawa tana gyaruwa, amma karcewar sama ta tafi da bayanan ke nan har abada. A faifan DVD lamarin ya bambanta, domin bayanansa suna tsakiyar roba biyu da aka manne, kowace mai kaurin milimita 0.6, kuma abin da ke kashe shi shi ne mannewar ta fara saki.

Jagorar adana fayafayai da cibiyar NIST ta Amurka ta fitar a 2003 ta ba da shawarar ajiye su a yanayin da bai wuce digiri 20 ba, laimar iska kuma tsakanin kashi 20 zuwa 50 cikin 100. Mazaunin Jidda ya san nisan garinsa da wannan ma'auni. A watan Yunin 2010 zafi ya kai digiri 52, iskar Bahar Maliya kuma ga laima ga gishiri. Ga ambaliyar Nuwamban 2009 da ta Janairun 2011 da ruwan Nuwamban 2022, waɗanda suka jiƙa kayan gidaje masu yawa. Laima takan sami ɗan tsagi a gefen faifai ta shiga ta ci alminiyom ɗin. Ka ɗaga faifan ka kalli fitila ta cikinsa. Idan ka ga ƙananan ɗigogi da haske ke ratsawa, ko gefensa ya koma ruwan tagulla, ko wani tabo kamar gajimare a can ciki wanda gogewa ba ta taɓa shi, ruɓewa ce, kuma babu mai gyaran da zai dawo da ita. Sai dai a yi gaggawar kwafe abin da ya saura.

Fayafayan da aka kwafa a shago, masu ƙasa kore ko shuɗi ko ruwan gwal, sun fi saurin mutuwa. Su ba buga su aka yi a masana'anta ba, wani rini ne aka ƙona da haske, rana da zafi kuma suna kashe rinin. Faifan da ya yi wata guda a gaban gilashin mota a lokacin zafi ba abin dogaro ba ne.

Wanke faifai ba tare da an kashe shi ba

Ka riƙe shi ta gefe ko ta ramin tsakiya. Ka wanke da ruwa mai ɗan ɗumi da ɗigon sabulun wanke kwanuka, ka ɗauraye, ka tsane da ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau. Gogewar daga tsakiya zuwa gefe ake yin ta, a miƙe, ba a zagaye ba. Dalili shi ne na'ura tana iya cike gurbin ɗan abin da ya ɓace idan karcewa ta gitta layin bayanai, amma idan ta bi layin tana shafe dogon zango a jere, cikewar ta gagara. Kada fetur ko tina ko ruwan cire jan farce su kusanci faifai, suna narkar da robar. Takardar goge hannu ma tana karce shi.

Man goge baki da ake ta yayatawa ba ya cike komai, kankare robar yake yi. Wani lokaci yakan taimaka a ƙaramar karcewa, sau da yawa kuma ya bar faifan ya yi hazo. In faifan yana da daraja a wurinka, ka nemi shagon da ke da injin goge faifai, kuma da zarar ya karantu ka kwafe shi a ranar.

Faifan da ya tsage a bakin ramin tsakiya kuwa, kada ka saka shi a na'ura ko sau ɗaya. Na'urorin da aka rubuta wa 48x ko 52x suna juya faifai kusan sau 10,000 a minti, kuma tsagagge yana iya tarwatsewa a ciki.

Idan na'urar ce

Na'urar karanta faifai tana da ɗan ido na gilashi da haske ke fita ta cikinsa. Ƙura tana rufe shi, haka ma hayaƙin turaren wuta da ba a raba gidajenmu da shi, da na shisha da na soye-soye. A kwamfutar tafi-da-gidanka ana ganin idon idan an jawo tiren, kuma ana iya share shi a hankali da auduga mai tsinke da aka ɗan jiƙa da sifirit. Idan na'ura tana karanta DVD amma ta ƙi CD, ko akasin haka, ba abin mamaki ba ne: hasken da ke karanta kowannensu daban ne, ɗaya yana iya mutuwa ya bar ɗaya. A irin wannan hali sayen na'urar waje mai igiyar USB ya fi gyara sauƙi, ana kuma samun ta a shagunan kwamfuta na titin Khalid bin Walid. In tana da kai biyu na USB ka soka duka biyun, domin ƙarancin wuta ma yana hana ta juya faifai da kyau.

Akwai kuma matsalar gumi. Faifai ko kwamfutar da ta kwana a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, aka fito da ita cikin laimar waje, takan yi raɓa nan take. A ba ta rabin awa ta bushe kafin a gwada.

Idan Windows ne

Nan ne mafi yawan fayafayan asali suke maƙalewa, kuma nan ne ake zaluntar su da gogewa. Daga ƙarshen shekarun 1990 kamfanonin wasa sun riƙa saka makullin hana kwafi a fayafayansu, mafi shahara su ne SafeDisc na kamfanin Macrovision da SecuROM na Sony. Kafin wasa ya tashi sai makullin ya tabbatar faifan asali ne a ciki. SafeDisc yana dogara da wani ɗan fayil mai suna secdrv.sys da ke shiga can cikin zuciyar Windows, aka kuma gano 'yan kutse suna iya bi ta nan. Da Microsoft ya fito da Windows 10 a Yulin 2015 sai ya daina karɓar wannan fayil, a Satumban shekarar kuma ya kashe shi a Vista da 7 da 8. Shi ya sa Age of Empires II da The Sims da Red Alert 2 da Generals suke shiga kwamfuta lafiya, amma in an danna su a ji shiru, ko su ce a shiga da izinin mai kula da kwamfuta alhali da shi aka shiga. Wasu tsofaffin nau'o'in SecuROM ma haka suka tsinci kansu.

Akwai ƙananan cikas da suke da sauƙin magani. Wasu wasannin suna tashi idan aka danna alamarsu da maɓallin dama, aka shiga Properties, aka zaɓi Windows XP a sashen Compatibility. Wasu suna buƙatar a kunna DirectPlay a cikin jerin abubuwan Windows da ake kunnawa da kashewa. Wasu na'urar faifai ta farko kawai suke dubawa, ko su ƙi tashi in sun ga manhajar faifan bogi irin Daemon Tools, sai an cire ta. Wasannin tsakiyar shekarun 1990 da yawa kuwa manhajar girka su mai 16-bit ce, wadda Windows mai 64-bit ba ya iya tayarwa sam. Na zamanin DOS suna aiki ta manhajar DOSBox, wadda kyauta ce.

Tarkon da ya fi karcewa haɗari

Wanda makulli ya hana shi wasa, abu na farko da intanet zai miƙo masa shi ne fayil ɗin da ke fasa makullin. Shafukan da ke raba irin waɗannan fayiloli sanannun matattara ne na manhajojin satar kalmomin sirri, kuma sukan ce ka kashe manhajar tsaron kwamfutarka kafin ka buɗe. Ka tuna a kan wannan kwamfutar ake shiga shafin gwamnati na Absher, ake duba igama, wato takardar izinin zama, ake buɗe asusun banki, ake aika kuɗi gida. Wasan shekara 20 bai kai a sayar da wannan duka dominsa ba, balle ga dokar haƙƙin mallaka da hukumomin Saudiyya ke sa ido a kanta.

Hanyoyi masu tsabta suna nan. Shafin GOG, wanda wani kamfanin Poland ya buɗe a 2008, yana sayar da tsofaffin wasanni da aka gyara su yi aiki a sabon Windows ba tare da makulli ba. An sake fito da Age of Empires II a 2019, jerin Command & Conquer, wanda Red Alert 2 da Generals suke cikinsa, ya shiga shafin sayar da wasanni na Steam a 2024, The Sims na farko ya dawo kasuwa a 2025. Wanda kuma ya nace sai faifansa, ya nemi tsohuwar kwamfuta mai Windows XP ya keɓe ta don wasa kawai, kada ya haɗa ta da intanet, domin tun Afrilun 2014 Microsoft ya daina toshe mata ɓaraka. In za a kai ta gida Najeriya ko Nijar, a duba ɗan jan maɓallin da ke bayan wasu tsofaffin kwamfutoci, a tabbatar yana kan 230 ba 115 ba, in ba haka ba sokawar farko ce za ta ƙone ta.

Mai saye a gwanjo, da mai ajiya a gida

Kafin ka biya, ka ɗaga faifan a haske, ka duba ramin tsakiya, ka ƙirga fayafayan domin wasu wasannin biyu ne ko huɗu, ka kuma tabbatar lambar girkawa tana jikin kwalin. Ka sani cewa tun daga Half-Life 2 a 2004 wasanni da yawa suna ɗaure lambarsu da asusun mutum guda a intanet, wanda ya sayi irinsu a hannu na biyu roba kawai ya saya.

A gida, a ajiye fayafayai a tsaye cikin gidajensu, a ɗakin da ake zama, ba a rufin bene ko sito ko mota ba. Kada a manna musu takarda, kada a yi rubutu da biro a kansu. A rubuta lambobin girkawa a littafi. A kwafe kowane faifai mai lafiya tun yanzu, a ajiye kwafin a wuri biyu. Kwafin ba zai wuce makullin wasa ba, amma zai tsare fayilolin. Kuma a fara da abin da ba a sayarwa a GOG ko Steam: bidiyon ɗaurin aure da na suna, hotunan aikin Hajjin iyaye, karatun malaman da suka riga mu gidan gaskiya. Kusan dukansu a kan faifan rini aka ɗauke su, wanda shi ne ya fi saurin lalacewa a yanayin Jidda.