Daga Ƙullin Tazargade Zuwa Ƙwayar Maganin Zazzabi

A layin masu maganin gargajiya na Kasuwar Kurmi a Kano, tazargade ba ya ɓuya. Ko ido bai kai kansa ba, hanci zai kai mutum: busasshen ganye ne mai kaifin ƙamshi da ɗan karen ɗaci, a ƙulle cikin leda kusa da sassaƙe da saiwoyi. Uwa takan saya ta jiƙa wa yaron da jikinsa ya yi zafi, ko ta barbaɗa a garwashi ta turara masa, ko a tafasa a lulluɓa da bargo a yi sirace. A 2020, da annobar korona ta shigo, kasuwarsa ta buɗe sosai, musamman bayan shugaban Madagaska Andry Rajoelina ya fito da wani tsimi da aka haɗa da irin wannan ganye yana cewa maganin cutar ne. An kawo tsimin Najeriya, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu a Abuja ta duba shi, ta ce ba ta ga shaidar yana warkar da korona ba.

Amma a fagen zazzabin cizon sauro ganyen yana da tarihin da ya kai a tsaya a kansa. Ƙwayoyin nan masu ruwan ɗorawa da ake rubuta wa mai maleriya a asibiti, guda 24 ga babba cikin kwana uku, daga ɗaya cikin dangin tazargade aka samo su, wanda masana tsirrai ke kira Artemisia annua.

Yaƙi ne ya haifar da binciken. A shekarun 1960 zazzabi yana kwantar da sojojin Biyetnam ta Arewa a dazuzzuka, klorokwin kuma ya daina ci. Suka nemi taimakon ƙasar Sin, ita kuma ta kafa wani shirin sirri ranar 23 ga Mayu 1967, wanda saboda ranar aka laƙaba masa suna 523. A 1969 aka ɗora wata mai binciken magunguna, Tu Youyou, a kan ɗaya daga cikin rukunonin aikin. Ita da abokan aikinta suka bi tsofaffin littattafai da bakin masu magani, suka tara haɗe-haɗe fiye da 2,000, suka tatso ruwan tsirrai kusan 200 suna gwadawa a jikin ɓerayen da aka sa wa cutar.

Ganyen dangin tazargade da Sinawa ke kira qinghao ya yi ta ba su wahala: yau ya yi aiki, gobe ya ƙi. Sai Tu ta koma wani kundin magani da Ge Hong ya rubuta a ƙarni na 4, ta lura cewa jiƙawa ya ce a yi, a matse ruwan a sha. Bai ambaci wuta ba. Su kuwa tafasawa suke yi. Ta canza hanya, ta tatso ganyen da wani sinadari mai suna ether da ke tafasa a zafin digiri 35 kacal. Ranar 4 ga Oktoba 1971, samfur mai lamba 191 ya share ƙwayar cutar kakaf daga jinin ɓerayen. A 1972 ita da abokan aikinta biyu suka fara shan maganin da kansu don a tabbatar ba guba ba ne, sannan aka kai shi tsibirin Hainan aka gwada a kan marasa lafiya 21. A ƙarshen shekarar aka ware tsantsar sinadarin, wanda duniya ta sani yau da suna artemisinin. A 2015 aka ba Tu lambar Nobel ta fannin likitanci tana da shekara 84.

Lambar 191 ɗin nan ta cancanci a riƙe ta. Ma'anarta samfur 190 sun gabata ba su biya buƙata ba, alhali da yawa cikinsu magabata sun yabe su a rubuce. Ilimin gargajiya ne ya nuna ƙofa, wannan babu ja. Ɗakin gwaji kuma shi ya tantance wace ce ƙofar gaskiya a cikin ɗaruruwa, har ya gano cewa sunan qinghao ya haɗa tsirrai fiye da ɗaya, kuma guda ne kawai yake ɗauke da sinadarin da yawa. Haka abin yake a ƙasar Hausa: ba duk ganyen da aka kira tazargade ne Artemisia annua ba.

Yadda sinadarin ke aiki abin sha'awa ne. Ƙwayar maleriya tana shiga jan ƙwayar jini ta riƙa cin abin da ke ciki, a wajen cin kuma sai ta saki sinadarin ƙarfen da ke cikin jinin. Artemisinin yana da wata 'yar gada ta iskar oksijin guda biyu a jikinsa. Da ta haɗu da wannan ƙarfe sai ta tsinke, ta saki wasu ɓurɓushi masu ƙuna da ke lalata ƙwayar cutar daga ciki. Wato abincinta ne ke kunna mata wuta. Shi ya sa zazzabi ke sauka da sauri. A wani babban gwaji da aka wallafa a 2010, wanda ya haɗa yara 5,425 masu zazzabi mai tsanani a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya, allurar artesunate, wadda daga artemisinin aka sarrafo ta, ta rage mace-mace da kashi 22.5 cikin ɗari idan aka kwatanta da kwinin.

Rauninsa guda ne: ba ya daɗewa a jiki. Cikin 'yan sa'o'i ya fice, kuma yakan bar tsirarun ƙwayoyin cuta da rai. Don haka ake aura masa wani maganin mai daɗewa, irin su lumefantrine, wanda zai yi kwana da kwanaki yana share ragowar. Wannan haɗi shi ake kira ACT, kuma shi ne ya maye gurbin klorokwin a asibitocin Najeriya tun tsakiyar shekarun 2000.

Nan ne jiƙon tazargade ke zama abin damuwa. Yawan sinadarin a ganye ya danganta da iri, da ƙasar da aka shuka shi, da lokacin yanka, da yadda aka shanya aka adana. Wani ganyen kusan babu komai a ciki, wani ya haura kashi ɗaya cikin ɗari. Mai jiƙawa a kofi ba shi da hanyar sanin nawa ya sha. Zazzabi zai iya lafawa a ɗauka an warke, bayan kwanaki ya dawo, kuma a jikin ƙaramin yaro wannan jinkiri na iya kai wa ga sanƙarewa da ƙarancin jini. Sannan ƙwayar cutar da aka daka da rabin ƙarfi ba ta mutu ba, ita ce ke koyon bijirewa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce ba ta goyon bayan shan ganyen a matsayin shayi ko gari don maganin maleriya ko rigakafinta.

Tsoron ba na banza ba ne. A ƙarshen shekarun 2000 aka fara ganin ƙwayoyin da ke jinkirin mutuwa a yammacin Kambodiya, yankin da bijirewa klorokwin ma ta taɓa ɓullowa. Daga 2020 zuwa yanzu an tabbatar da irin wannan sauyi a Ruwanda da Yuganda da Iritiriya. Najeriya kuwa ita kaɗai tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya. Idan wannan magani ya dushe a nan, ba a asibitocin Turai za a ji raɗaɗin ba.

Najeriya ma ta taɓa bin irin hanyar da Tu ta bi, kuma labarin yana da daɗi da ɗaci. A farkon shekarun 1990 wani mai maganin gargajiya daga Oyo, Rabaran Paul Ogunyale, ya miƙa wa NIPRD haɗin da yake bai wa masu amosanin jini, wato sikila, bisa yarjejeniyar cewa zai sami rabonsa. Kayan haɗin huɗu ne, kuma uku cikinsu duk uwar gida ta san su: masoro, kanumfari da karan dafi, sai icen wata bishiya 'yar'uwar madobiya. Ƙarƙashin jagorancin Farfesa Charles Wambebe aka daidaita awo, aka mai da shi kafso mai suna Niprisan, aka gwada a kan marasa lafiya 82 ta yadda likita da majinyaci duk ba su san wa ya sha na gaske wa ya sha na boge ba. Sakamakon da aka wallafa a 2001 ya nuna raguwar tashin ciwo mai tsanani. A ƙasar da ake haifar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara, wannan ba ƙaramin albishir ba ne.

Sai dai aikin ya yi tuntuɓe bayan ya bar ɗakin gwaji. Kamfanin Xechem na Amurka ya karɓi lasisi, ya fito da maganin kasuwa a 2006 da sunan Nicosan, ya durƙushe a 2008, maganin ya ɓace daga kemis shekara da shekaru, iyaye suna nema ba su samu. Sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker don ci gaba da sarrafa shi. Masu bitar bincike na Cochrane da suka duba gwajin sun ce akwai alamar amfani, amma mutum 82 sun yi kaɗan, ana buƙatar gwaji mai faɗi a asibitoci da yawa. Irin wannan gwaji kuɗi yake ci da shekaru, kuma shi ne matakin da binciken tsirranmu ya fi tsayawa a kansa. A jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri an rubuta kundaye masu yawa a kan sabara da marke da zogale da darbejiya, akasarinsu a jikin ɓera suka ƙare, ba su kai ga gadon majinyaci ba.